Mu Kai Yaran Zango Su Ga Tsohuwar Ankara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana da 'yan uwana mazauna zangunan Ghana, musamman na nan Ankara.

Ni tela ne a Sabon Zongo. A nan aka yanke cibiyata, a nan aka yanke ta mahaifina, kuma shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina taka keke a shago ɗaya. Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami wata tambaya ce da jikata ta yi mini. Yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu. Ta dawo daga makaranta, ta zauna a kan benci ko jakarta ba ta sauke ba, ta ce, "Kaka, mu yaushe za mu koma garinmu?" Na ce wane gari? Ta ce wata 'yar ajinsu ce ta gaya mata mutanen zango baƙi ne, kowa yana da inda ya fito, wata rana kuma zai koma.

Na daɗe ban ce komai ba, domin maganar ta taɓa tsohon miki. Ina ɗan shekara takwas aka yi dokar korar baƙi ta 1969, wadda ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Da idona na ga kawuna ya sayar da kekensa na ɗinki a kuɗin da bai kai na tebur ɗinsa ba, ya hau bayan babbar mota da matarsa da tabarmi biyu. Bai sake taka Ankara ba har Allah ya yi masa rasuwa. To ga shi bayan shekara hamsin da wani abu maganar ta sake shigo mini shago ta bakin yarinya. Na ce mata amsar ba ta zaune ba ce, ta bari a yi hutu.

Da aka yi dogon hutu, wata Talata na rufe shago. Ni da ita da ƙanenta da yaron da ke koyon ɗinki a wurina, muka sha koko da ƙosai bayan asuba, muka shiga motar hayar da ake kira trotro, muka haye kogin Korle, kafin rana ta yi zafi muna gindin hasumiyar fitila ta Jamestown. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba. Yaran nan uku, duk haihuwar Ankara, babu wanda ya taɓa zuwa wurin a cikinsu. Laifin kuwa namu ne, mu manya.

Hasumiyar doguwa ce, an yi mata fenti ja da fari, tsayinta mita 28. Ta farko a 1871 aka gina ta, wannan da ke tsaye yanzu kuwa ta shekarun 1930 ce. Daga gindinta ana hango bakin teku a ƙasa. Da gangan na zaɓi Talata, don masuntan ƙabilar Ga, 'yan asalin Ankara, ba sa shiga teku a ranar, saboda haka jiragen kwale-kwale duk suna kan gaɓa jere, kowanne da tutarsa da rubutunsa, mazan kuma suna zazzaune suna gyaran koma. Na ja yaron shagona muka tsaya kan wani dattijo. Ya maƙale bakin komar a babban yatsan ƙafarsa, ya miƙe ƙafar don zaren ya ɗaure, yana zura wata 'yar allurar roba mai faɗi yana ƙullawa, ido ɗaya bayan ɗaya, ko kallon hannunsa ba ya yi. Duk idon da ya ƙulla girmansa ɗaya da na kusa da shi. Na ce wa yaron ya duba da kyau, wannan ma ɗinki ne, kuma mai shi ya fi teloli da yawa iya riƙe zare. Dattijon ya ji Hausa a bakinmu, ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa." Da Hausa ya faɗa.

A nan wani saurayi ɗan unguwar ya same mu, daga cikin masu zagayawa da baƙi. Muka yi ciniki, ya shige gaba. Zan faɗi gaskiya, yaron ya san aikinsa. Ya nuna mana sansanin James Fort, wanda ke dab da hasumiyar, ginin Ingilishi na 1673. Don ciniki suka gina shi, zinariya da bayi, daga baya ya koma gidan yari, kuma bai daina zama gidan yari ba sai 2008. A ciki aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950. Yana ɗaure yana rubuta wa mutanensa saƙo a takardar banɗaki ana fitar da ita a ɓoye, yana ɗaure aka yi zaɓen Fabrairun 1951 ya ci kujerar tsakiyar Ankara da ƙuri'a 22,780, ranar 12 ga watan aka buɗe masa wannan ƙofa. Jikana ya je ya dafa ƙarfen ƙofar, ya tambaya ko ita ce dai wadda ya fito ta cikinta. Duk sun karanta labarin nan a aji, amma ban taɓa jin ɗayansu ya yi tambaya a kansa ba sai ranar. Gani ya kori ji.

Ussher Fort yana gaba kaɗan, tafiyar minti biyar ko shida a kan babban titi. Shi mutanen Holan ne suka gina shi a 1649, ya koma hannun Ingilishi a 1868, suka sa masa sunan wani jami'insu. Nan muka shiga ciki. Farar ƙasar bango tana ɓarewa, gishirin teku ya cinye ƙarafan tagogi, ɗakunan kuma ƙanana ne masu duhu, iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa can sama. Jikata ta shiga ɗaya ta fito da sauri, ta riƙe mini hannun riga ba ta sake ba har muka fita tsakar gida. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya, tare da na Cape Coast da Elmina. Duk da haka wanda ya ga halin da wasu sassan ke ciki zai ji tausayi. Ruwan sama da iskar teku ba sa jira a gama taro kafin su yi ɓarna.

Inda na fi so in tsaya, Malam Edita, shi ne wani gida da ke tsakanin waɗannan gine-gine biyu, a wani lungu da ake kira Brazil Lane. Gidan mutanen Tabom ne. Su waɗannan jikokin bayi ne da aka kwashe daga ƙasashenmu aka kai Birazil, suka sami 'yanci, suka sake haye teku suka sauka a Ankara a 1836. Shekara ɗaya kafin nan, cikin watan azumi na 1835, Musulmi bayi da 'yantattu sun yi tawaye a garin Salbado na jihar Bahiya, akasarinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. An murƙushe su, an kashe wasu, an koro wasu zuwa wannan gaɓa. Waɗanda suka sauka a nan da yawansu Musulmi ne. Sarakunan Ga suka karɓe su, suka ba su wuri a unguwar Otublohum, sunan Tabom kuwa daga gaisuwarsu ta harshen Fotugal ya samo asali, don kullum ana jin su suna cewa "ta bom", wato lafiya lau. Sun zo da sana'a a hannu: haƙa rijiya, noma, gini, da ɗinki. Shagon ɗinkinsu da aka buɗe a 1854, wanda ake kira gidan almakashi na farko, shi ake ɗauka a matsayin mafarin ɗinkin zamani a garin nan. Na tsaya a tsakar gidan nan ina tunanin shekara arba'in ina cin abinci da sana'ar da waɗannan bayin Allah suka shigo da ita, ban taɓa zuwa na yi musu ko addu'a ba. Na ɗaga hannu na yi musu, yaran suka shafa tare da ni.

Yau wa zai kira ɗan Tabom baƙo? Suna da sarkinsu a cikin sarakunan Ga, Azumah Nelson da ya ɗaga sunan Ghana a dambe jininsu ne, shugaban Birazil Lula da kansa ya zo ya gaishe su a 2005. Haka mutanen unguwar Alata a Jamestown, waɗanda kakanninsu Ingilishi suka kawo daga gabas don aikin sansaninsu, yanzu Ga ne cikakku. Mutanen Ga su ne masu ƙasa, wannan babu mai musu, kuma mu shaida ne cewa masu karɓar baƙo ne. Amma garin da kansa da masu zuwa aka gina shi, wani ta teku, wani ta tudu.

Mu ta tudu muka zo, kuma a nan ne na ga giɓin da ya sa ni rubuta wannan wasiƙa. Da muka isa kasuwar Salaga, wadda ke bayan Ussher Fort, saurayin nan ya ce nan kasuwar bayi ce a da, ya juya zai wuce. Na tsayar da shi na ce, "Ɗana, ka san dalilin da ya sa ake kiranta Salaga?" Ya ce sunan wani gari ne a arewa. Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma ban ga laifinsa ba, abin da aka koya masa ya faɗa. Sai na zaunar da su duka huɗun a inuwar wata rumfa, na gaya musu abin da na ji daga bakin kakana.

Salaga ita ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Tun kafin Ankara ta zama babban birni a 1877, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suna tafiyar watanni da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su koma da goron ƙasar Asante. Duk Bahaushen da ya taɓa jin an ce goron Gwanja, to wannan hanya ake nufi. Inda ayari ya sauka ya kwana shi ne zango, sunan da muke amsawa har gobe. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu nan bakin teku.

Sai dai ban ɓoye musu ɗaya ɓangaren ba. Ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ba, har da mutane. Kuma a cikin masu saye da masu sayarwa akwai namu, masu salla irin tamu, masu magana da harshen da nake rubuta wannan takarda da shi. A cikin waɗanda aka ɗaure aka sayar ma akwai namu. Jikata ta ce, "Kaka, to mu a cikin wanne muke?" Na ce mata gidaje da yawa a zango idan aka bi salsala za a tarar da duka biyun. Na faɗi wannan ne don ba na son in kai yaro ya tsine wa Bature a Ussher Fort, sannan in ja bakina in yi shiru a kasuwar Salaga. Idan muka ba yaranmu rabin labari, ranar da wani ya ba su ragowar da mugun nufi ba za su sake yarda da mu ba.

Haka batun soja. A 1863 wani Baturen Ingila, Kyaftin Glover, ya kafa runduna a Ikko da ake kira Hausawan Glover, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu. An kawo su nan a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wanda aka ƙona Kumasi a cikinsa. Lokacin da Yaa Asantewaa, wata sarauniya a ƙasar Asante, ta yi wa gwamnan Ingilishi ƙawanya a Kumasi a 1900, sojojin da ke tare da shi a ciki Hausawa ake kiransu. Ba duka ne Hausawan asali ba, duk wanda ya fito daga arewa ya sa kaki haka ake ce masa, domin Hausa ce harshen bariki. Da aka sallame su da yawa ba su koma ko'ina ba, suka yi aure, suka kafa gida. Wannan ma tarihinmu ne, da daɗinsa da ɗacinsa.

Daga nan na karɓi jagorancin, saurayin ya biyo mu a baya don kansa. Muka ratsa cikin kasuwa zuwa Zongo Lane. Yau wanda ya je can abin da zai gani shagunan kayan lantarki ne da wayoyi da cunkoson masu tura kaya. Amma nan ne zangon farko, wanda Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina, ya samu daga hannun sarakunan Ga a 1881. Ɗansa Malam Baƙo shi ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zongo, fiye da shekara ɗari ke nan. Unguwar Nima kuwa sai a shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sauka a can da shanunsa. Na duba sama da ƙasa a Zongo Lane, bango bayan bango, ban ga ko allo ɗaya mai girman tafin hannu da ya ambaci Malam Naino ba. Wani mai shago da na tambaya, yaro ne ɗan zango, ya ce shi dai ya taso ya ji ana kiran wurin haka.

Muka yi sallar azahar a wani masallaci a nan kusa, muka ci dokunu da soyayyen kifi da shito. Ina cin abincin ina lissafa wa yaran sunayen unguwanni: Tudu, Fadama, Kawukudi, Sabon Zongo. Na ce su gaya mini da wane harshe aka raɗa su. Sannan waakye da duk Ghana ke layi a kansa da safe, daga shinkafa da wake sunan ya fito. Tuwon zafi, ƙosai, koko da har sunanmu aka liƙa masa. Jikana ya yi dariya ya ce ashe duk garin Hausa yake ji bai sani ba.

La'asar ta same mu a wurin tunawa da Nkrumah, tsohon filin da Turawa ke wasan ƙwallon dawaki, inda ya tsaya daren 6 ga Maris 1957 ya ce Ghana ta sami 'yanci. An gyara wurin an sake buɗe shi a 2023, ya yi kyau ƙwarai, kuma shi kam yana cike da yaran makaranta. Ba zan tsawaita a kansa ba, kowa ya san shi. Abu ɗaya na nuna wa yaran a hoton daren nan: rigar da ke jikinsa da ta abokansa. Batakari ce, saƙar arewa, ƙyalle siriri-siriri da aka haɗa da hannu. Mun so mu ƙarasa unguwar Osu mu ga fadar da mutanen Danmak suka gina da mararrabar da aka harbe tsofaffin sojoji uku a ranar 28 ga Fabrairun 1948, amma ƙafar yara ta gaji, tawa ma haka. Mun bar shi sai wani zuwan.

Yanzu ga roƙona. Na farko ga malaman makarantunmu na allo da na Islamiyya. Kowace shekara ana tara kuɗi a yi walimar sauka, a ɗinka anko, ni nake ɗinka wasu, na san abin da ake kashewa. Kuɗin motar da za ta kai aji guda Jamestown ta dawo da su bai kai na yadin anko ba. Akwai masu cewa zuwa irin waɗannan wurare aikin Turawa ne masu gajeren wando da kyamara. Ni ban yarda ba. Alƙur'ani da kansa ya umarce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ga mutanen da suka zo da igwa da jiragen ruwa suka yi ginin da suke zaton ba za su taɓa barinsa ba, yau ƙadangare ke shan rana a kan bangon. Malami zai yi wata guda yana wa'azi bai kai wa yaro abin da wannan bango zai kai masa ba.

Na biyu ga sarakunan zango da masu hannu da shuni a cikinmu. Ku je ku zauna da sarakunan Ga da hukumar da ke kula da kayan tarihi, a nemi izini a kafa allo a Zongo Lane da wani a kasuwar Salaga, a rubuta da Turanci da Ga da Hausa, har da ajami. Mun iya haɗa kuɗi mu gina masallaci mai hawa biyu cikin shekara ɗaya, allon ƙarfe ba zai gagare mu ba. A kuma samu samarinmu biyu ko uku a koya musu wannan aiki na zagayawa da baƙi, su haɗa kai da 'yan uwansu na Jamestown, domin baƙon da ya ga sansanin Bature ya ƙarasa ya ga zango. Saurayin da ya zagaya da mu, da za mu rabu, shi ya roƙe ni in maimaita masa sunan Malam Naino da shekarar, ya rubuta a wayarsa.

Na uku ya fi gaggawa. Tsofaffinmu suna ƙarewa. A layinmu kaɗai cikin shekara biyu mun binne mutum uku da suka san wanda ya fara gina kowane gida a Sabon Zongo da garin da ya fito. Babu wanda ya ɗauki muryarsu, ga waya a aljihun kowa. A gidajen malamai kuma akwai gafakoki da akwatunan ƙarfe cike da takardun ajami, wasiƙun fatake da lissafin goro da sunayen kakanni, gara da ruwan damina suna ci. Idan wannan jarida za ta ware ko rabin shafi ne a wata don irin waɗannan, na yi alkawarin zan bi gida-gida a unguwarmu in nemo, in kuma kawo na gidanmu da farko.

Jikata ta cika shafi huɗu na littafinta a ranar, ta ce za ta kai wa malamarsu idan an koma, za ta kuma nuna wa yarinyar nan da ta ce mata baƙuwa. Na ce ta gayyato ta, da izinin iyayenta, ta zo mu tafi Osu tare. Mun sa ranar Asabar ta farko bayan an buɗe makaranta, za mu tashi daga bakin babban masallacin Sabon Zongo da ƙarfe bakwai na safe. Duk mai son ya haɗa mu da yaransa, ya ba su kuɗin mota da ruwan sha.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tela,
Sabon Zongo, Ankara.